Cinikin Fili: Daga Takardar Dillali Zuwa Rajistar Gwamnati

Da sakatare ya ce in yi magana a kan sayen fili da gida, na so in zille, domin ni ba lauya ba ne. Sai ya tuna mini cewa na fi kowa a ajinmu yawo da fayil ofis-ofis a kan wannan al'amari, don haka dole in faɗi abin da wahala ta koya mini.

Ga yadda aka yi. Shekarun baya na tara ɗan abin da na tara daga albashi, na haɗa da adashe, na sayi fuloti a bayan gari. Dillali ya kawo mai fili, mai unguwa ya shaida, aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu, aka ba da la'ada, aka yi fatiha. Mai filin ya miƙo mini satifiket ɗinsa, na kai gida na adana a ƙasan akwati. Bayan shekara 3 Allah ya yi masa rasuwa. Da magada suka zo rabon gado, sai ga fulotina a cikin lissafin dukiyar mamaci, domin a littafin gwamnati sunansa ne har yanzu a kai. Allah ya taimake ni babban ɗansa mutumin kirki ne, kuma biyu daga shaiduna suna raye. Duk da haka sai da na yi wata 14 ina zirga-zirga kafin maganar ta mutu.

Kuskurena shi ne na ɗauka biyan kuɗi da karɓar takarda su ne ƙarshen ciniki. A dokar ƙasa ba haka ba ne. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Mu a Arewa abin bai zo mana baƙo ba, saboda dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, da ta Turawa ta 1910, kusan a kan wannan tsari suke. Abin da kai da ni muke samu shi ne izinin zama da amfani, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne. A birni Gwamna ke bayarwa, a karkara kuma ƙaramar hukuma. Saboda haka idan ka sayi fili, ragowar shekarun izinin wani ka saya, kuma sashe na 22 na dokar ya ce ba za a sayar, ko a jinginar, ko a mayar wa wani ba sai da amincewar Gwamna. Sashe na 26 ya ƙara da cewa cinikin da aka yi ba bisa wannan ƙa'ida ba, babu shi.

Kada wani ya ce ai wannan magana ce ta takarda kawai. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda aka jinginar da gida ga banki ba tare da amincewar Gwamna ba. Da bankin ya tashi sayar da gidan don ya fanshe bashinsa, kotu ta ce jinginar ba ta da inganci. To, banki ke nan mai lauyoyi, ina ga malamin ofis mai albashin wata?

Yanzu bari in faɗi yadda ya kamata a bi. Kafin kobo ya fita daga aljihunka, ka karɓi kwafin satifiket ko lambar fayil, ka je ofishin rajistar filaye ka nemi a yi maka bincike. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, wasu jihohin kuma Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo. Ɗan kuɗin da za ka biya zai nuna maka sunan wanda ke kan filin, ko an jinginar da shi, ko gwamnati ta soke izinin, ko akwai bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru. Daga nan ka ɗauki ma'aikacin safiyo ku je wurin da ƙafa, ya duba lambobin da ke jikin turakun siminti na kusurwoyi, ya gwada da taswira. An sha nuna wa mutum fili a bakin titi alhali takardar ta na can cikin kwari ce. Ka kuma tsaya ka gaisa da maƙwabta, ka yi tambaya. Abin da mai shayin unguwa zai gaya maka cikin minti 5, wani lokaci babu shi a fayil.

Idan komai ya yi daidai, lauya ya rubuta yarjejeniyar mayar da mallaka, mai sayarwa ya sa hannu a kanta da kuma takardar neman amincewar Gwamna. Shawarata, kada ka cika masa kuɗinsa sai ya sa waɗannan hannuwa, domin wanda ya karɓi kuɗinsa cif ba ya saurin amsa kira. Bayan amincewa ta fito, a biya kuɗin hatimi da na rajista, a shigar da yarjejeniyar cikin littafi, a ba ta lamba. Ran nan ne sunanka ya hau. Kuɗaɗen sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma na yarda suna da nauyi, jiran ma yana gajiyarwa. Shi ya sa da yawa ke tsayawa a takardar wakilci, wadda mai fili ke ba ka ikon yin abin da ka ga dama a madadinsa. Tana da amfaninta, amma ita kaɗai ba ta mayar da fili naka. Wakili kake, ba mai abu ba.

Na san yawancinmu awon igiya muke saye, domin shi ne daidai ƙarfinmu. Ba laifi ba ne, sai dai mutum ya san abin da ya saya. Gona ce aka yanka, babu satifiket, wani lokaci babu hanya ko magudanar ruwa a tsarin hukuma. Shaidar mai unguwa da dagaci tana da muhimmanci ƙwarai wajen tabbatar da asalin gonar, amma ba su ke ba da izinin mallaka ba. Ka fara tambayar hukumar tsara birni ko wurin ya faɗa cikin wani shiri na gwamnati, sa'an nan ka nemi takarda da sunanka tun kafin ka sa bulo. Ku lura kuma, idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona da makamantansu, ba ta farashin filin a kasuwa ba.

Gidan gado kuwa, malamanmu na addini da ke zaune a nan sun fi ni sani. Kada ka sayi gida daga hannun ɗa guda don kawai shi ne babba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka tabbata duk magada sun yarda, har da mata da waɗanda ke aure a wani gari, kuma marayu ƙanana suna da mai tsaya musu bisa ƙa'ida. Idan rabon mutum ɗaya ka saya a gidan da ba a raba ba, a mazhabar Malikiyya abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓe rabon.

Na taho da kwafin fom ɗin neman bincike da na neman amincewa, suna wurin sakatare ga mai son ya ga kamanninsu. Wanda kuma ke da satifiket mai sunan wani a ƙasan akwati, ya same ni bayan an ci abinci mu duba tare.