Raye-rayen Asali na Ƙasar Indiya



Yawancinmu a silima muka san rawar Indiya, shi ya sa muke ɗaukarta iri guda. Alhali kuwa hukumar Sangeet Natak Akademi, wadda gwamnatin Indiya ta kafa a 1952, raye-rayen asali takwas ta amince da su, kowace da yankinta. Akwai Bharatanatyam ta Tamil Nadu, da Kathak ta arewa, da Kathakali da Mohiniyattam na Kerala, da Kuchipudi ta Andhra Pradesh, da Odissi ta Odisha, da Manipuri ta Manipur, sai Sattriya ta Assam, wadda ta shiga sahu a 2000. Tushen galibinsu wani tsohon littafi ne, Natya Shastra, mai kimanin shekara 2000, wanda ya tsara motsin hannu da ido da ƙafa.

Kowace da kamanninta. Mai Kathak takan ɗaura ƙararrawa a idon sawu, ta yi ta juyi tana amsa wa kiɗa da tafin ƙafa. Wannan rawa ta bunƙasa a fadojin sarakuna, musamman Lakno, zamanin Wajid Ali Shah, wanda Turawan Ingila suka tuɓe a 1856. Ita ce aka yi a fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960. Kathakali kuwa, a al'ada maza ke yinta, jarumi da koriyar fuska, akan kwana ana ba da labari da ishara.

To, amma tarihin Bharatanatyam ya fi jan hankalinmu. Matan ɗakunan bauta, waɗanda ake kira devadasi, su ne suka gaje ta kaka da kakanni. Zamanin mulkin mallaka aka ɗora musu sunan banza, har Madras ta yi doka a 1947 ta hana sadaukar da 'yan mata ga ɗakunan bauta. Tun 1936 Rukmini Devi Arundale ta kafa makarantar Kalakshetra, inda aka gyara rawar don 'ya'yan manya. Rawa ta tsira, ta sami daraja, amma yawancin magadanta suka koma gefe. Balasaraswati, 'yar gidan gado, ba ta yarda cewa gadonsu na bukatar wanki ba.

Jama'a, gobe wasunmu ne za su zauna ofisoshin al'adu. Duk ran da aka ce mu raya wata fasaha, mu fara tambayar inda masu ita suke, da abin da zai shiga hannunsu.