Da Wa Za A Gwada Majiyyaci?



An ce in ɗan taɓa bayani kan aikinmu na binciken musabbabin cututtuka. To, hanya mafi sauri ita ce a tara waɗanda suka kamu, a nemo wasu da ba su kamu ba, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, sannan a duba inda suka bambanta. Samun majiyyata ba wuya. Wuyar tana wajen zaɓen waɗancan na biyun, waɗanda zan kira abokan gwaji.

A 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka fitar da bincikensu kan ciwon dajin huhu a asibitocin Landan. Kowane majiyyaci sun haɗa shi da wani mai wata cutar daban, jinsinsu ɗaya, kuma tsaransa. Cikin maza 649 masu ciwon, 2 ne kacal ba sa shan taba. Cikin abokan gwajinsu 649 kuwa, 27 ne. Daga nan asirin taba ya fara tonuwa.

Amma asibiti yana da tarko. A 1981 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka ce gahawa na da hannu a ciwon dajin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Ashe da yawa cikin abokan gwajin masu ciwon ciki ne, waɗanda tuni suka rage shan gahawa saboda lalurarsu. Sai aka ga kamar masu dajin ne suka fi sha. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da zargin ba.

Ni ma na taɓa faɗawa irin wannan rami, kuma malamin lissafinmu yana nan zaune, ya yi mini afuwa. An tura mu wani gari da amai da gudawa ya ɓarke. Don sauƙin aiki, na ɗauki abokin gwajin kowane majiyyaci daga cikin gidansu. Mutanen gida ɗaya kuwa randa ɗaya suke sha, rijiya ɗaya suke ɗiba. Lissafi ya fito, ruwa ba shi da laifi! Kwana biyu muka ɓata, ana ta kawo yara. Sai da muka koma muka bi unguwannin garin muna ƙirga gidaje, muna ɗaukar mutum ɗaya a kowane gida na biyar, sannan rijiyar bakin kasuwa ta fito fili. A daren nan mai unguwa ya sa aka rufe ta.