Tiyon Man Sitiyari: A Canja Shi a Gida Kafin Ya Fashe a Hanya

Jawabin da wani bakanike ɗan ƙungiya ya gabatar a taron cikar shekara



An ce in yi magana a kan mota, tunda ita ce jarin da ke ɗauke da sauran jari. Na zaɓi abu guda ƙarami, wato tiyon man sitiyari. Motocin da muke dakon kaya da su, irin su Hiace, Hilux, Golf da Sharon, akasari 'yan Kwatano ne, an mora su a Turai kafin su iso hannunmu. Ƙarfe yana jure shekaru, amma roba ba ta jurewa. Zafin inji da zafin bazara su ke busar da ita har ta tsattsage.

Ga yadda abin yake aiki. Bel yana juya famfo, famfo ya tura mai ta cikin tiyo zuwa akwatin sitiyari, shi ya sa direba ke juya mota cike da buhuna ba tare da wahala ba. Tiyon da ke kai mai shi ne mai matsi. Bakinsa biyu na ƙarfe ne da aka matse da inji, kuma in an murɗa sitiyari har ƙarshe, matsin cikinsa yakan kai bar 70 zuwa 100. Wanda ke mayar da mai cikin tanki ba shi da wannan matsi, kilif kawai ke riƙe da shi.

Tiyo yakan yi gargaɗi kafin ya fashe. Za ka ga ɗigon mai inda mota ta kwana, ko jiƙa daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe. Za ka ji famfo yana kuka in ana kwana, ko ka ga kullum sai an ƙara mai. Wanda ya ga haka ya ce bari a dawo daga kasuwa, ya tuna abu uku. In mai ya tsiyaye, sitiyari zai yi tauri nan take, kuma da lodi a sama ba kowane direba ke iya riƙe shi a kwana ba. Famfon da ya juya babu mai yakan ƙone, kuɗinsa kuwa ya ninka na tiyo. Na uku shi ne mafi muni: man da ya fesu a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta. Ko an tsira daga duk wannan, wanda ya kwana tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ya rasa kasuwar Lahadi, kuma wanda Alhamis ta wuce shi bai isa Maigatari ba sai ya jira wani mako, ga dabbobi suna cin kuɗin harawa.

In za a sayo sabo, a tafi da tsohon a hannu. Sunan da mai shago ke kiransa da shi a Katsina daban yake da na Maraɗi, inda ake cewa fileksibil, amma in an jera biyun za a ga ko tsawo da lanƙwasa da zaren baki sun yi daidai. Na gwanjo shi ma robarsa ta tsufa kamar taka, araha kuwa ba ta ado. In ba a samu sabo ba, masu haɗa tiyon tifa da katafila suna iya matse sabuwar roba mai jure matsi a kan tsofaffin bakunan. Kada ku yarda a ɗaure tiyo mai matsi da robar tayar keke ko waya. Ko tiyon mayarwa ma, kada a sa na ruwa, domin mai yana kumbura shi.

Wajen ɗaurawa, mai mota ya tsaya ya gani. A bar inji ya huce, a tsiyaye tsohon mai, a goge ƙura daga bakunan kafin a kwance, domin ƙwayar yashi tana iya lalata famfo. A sa sabbin wasa na jan ƙarfe ko sabuwar zoben roba. A fara kama zare da hannu kafin a sa sifana. Tiyo ya bi tsohuwar hanyarsa, a mayar da duk maɗauransa, kada ya murɗe, kada ya goga bel ko ya kusanci salansa.

Mai kuma, a duba abin da aka rubuta a murfin tanki. Tsofaffin Toyota galibi jan man giya ne, ATF irin Dexron, yayin da Volkswagen da yawa ke shan wani kore. Kada a cakuɗa su. Man birki kuwa kada ya shiga ko kaɗan, yana cinye robobin ciki.

Sai fitar da iska. A ɗaga tayoyin gaba da jak, inji a kashe, a juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe kamar sau 15, ana ƙara mai. Sannan a tayar da inji a maimaita har kumfa ta ɓace, kukan ya tsaya. Kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙu. Washegari a sake duba mai da bakunan.

Roƙona ga masu motoci shi ne, in direba ya kawo ƙarar ɗigon mai, a saurare shi, a ba shi kuɗin gyara kafin a yi lodi. Direbobi kuma ku riƙa ajiye lita ɗaya ta man da ya dace a cikin mota, ku leƙa tanki duk safiya kamar yadda kuke duba ruwan lagireto.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa.