Amsar Wasiƙunku: Me Ke Ƙara Wa Kaya Nauyi?

Wani mai sauraronmu daga Illela yana tambaya, me ya sa kayan da yake goyawa zuwa Birnin Ƙwanni suke ƙara nauyi a hanya?

To malam, kaya ba su ƙaru ba, ƙarfinka ne ya ragu. Nauyi na sa zuciya bugawa da sauri, gumi kuma ya rage ruwan jiki. Tafiya cikin rairayi kuwa tana cin ƙarfi ninki biyu na kan kwalta.

Kada kaya su wuce sulusin nauyinka, wato mai kilo 60 ya tsaya a kilo 20. Ɗaure su su manne da baya, ka riƙa shan ruwa. In hannu ya mutu, ko ka ji jiri, sauke ka huta. Hayar jaki ta fi kuɗin magani araha.