Aikin Haɗin Gwiwa a Lakwal da Tsaron Addini

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, iyaye na kawo mana kuka cewa malamin lakwal yana haɗa ƴaƴansu aiki ɗaya, maza da mata, Musulmi da Kirista, har la'asar ta kuɓuce musu. Muna nasiha: kada a fitar da yaro daga karatu saboda wannan. Bayan yaƙin Badar, cikin Ramadan na shekara ta 2, kamammun Ƙuraishawa ne suka koya wa yaran Madina rubutu, alhali ba su musulunta ba. Abin da shari'a ta hana shi ne keɓewar namiji da mace, da tozarta salla. Uba ya sami malami cikin ladabi, ya roƙi a yi aikin a fili, da rana, a tashi idan an kira salla. Allah Ya shiryi zuriyarmu.