Me Ya Kawo Kakanninmu Bakin Kogin Nilu?

Yau ina so mu yi nazarin wata tambaya wadda yaranmu sukan yi mana, watau me ya raba kakanninmu da Kano da Sakkwato, ya kawo su bakin Bahar Azrak.

Amsar da muka saba ji ita ce, wai Shehu Usman ɗan Fodiyo ya faɗi tun da ransa cewa jama'arsa za ta yi ƙaura zuwa gabas, ta sadu da Mahadi kusa da kogin Nilu, wai kuma dukan Hausawan ƙasar nan tare da Mai Wurno suka zo. To, labarin baka kamar hatsi yake a masussuka, sai an sheƙe kafin a san tsaba. Bari mu sheƙe shi.

Da fari, zancen ƙaura zuwa gabas ba jiya aka ƙaga shi ba. Shehu ya rasu a 1817. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama takarda a kan a aiki mutane wajen Wadai da Darfur su nemo labarin Mahadi. Maryamu 'yar Shehu kuwa ta rubuta wa Sarkin Kano tana cewa lokacin tashi bai yi ba tukuna. Ashe tun kafin Turawa su zo mutane suna ɗaure kaya. Sa'ad da Muhammadu Ahmad ya ce shi ne Mahadi a 1881, ya kuma ci Khartum a 1885, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya bi shi.

Na biyu, ga abin da ya tabbata a kan Mai Wurno. Turawan Ingila suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tsira, ya bi da sauran mutane har Sudan. Suka fara sauka a Shehu Talha, daga baya suka haye kogi suka kafa garin Mai Wurno, kudu da Sinnar.

Amma ku lura, sun tarar da mutanen yamma a nan, gama hanyar Makka ta daɗe tana bi ta wannan ƙasa, alhazai da yawa kuwa guzuri ya ƙare musu suka zauna. Waɗansu kuma sai bayan 1925 suka zo, sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, gonakin auduga na Jazira suka bukaci ma'aikata. Saboda haka wanda ya ce duka rana ɗaya muka zo ya yi kuskure. Wani begen Mahadi ya kawo shi, wani yaƙi, wani hajji, wani neman abinci.

Kada ku ce wannan hira ce kawai. A watan Yuli 2022 an zub da jini a Damazin da Rusairis a kan gardamar ko Hausawa baƙi ne ko 'yan ƙasa. Yaƙin da ya tashi a 2023 kuma ya warwatsa iyalai da yawa na Jazira da Sinnar, tsofaffi masu riƙe da labari suka rabu da jikokinsu.

Domin wannan ina roƙonku, kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwar gidansu. Ku tambayi sunan garin da aka baro, da hanyar da aka bi, da sarkin da yake mulki a lokacin. Ku rubuta abin da suka gani dabam, abin da aka gaya musu dabam. Kada ku rena labarinsu, kada kuma ku ƙara masa gishiri. Allah ya ba mu zaman lafiya.