Addu'a a Kan Hanya: Jawabin Mai Bishara a Ranar Jubili, Doka

 A wannan ranar murna ina so mu yi tunani a kan abu guda, wato yin addu'a sa'ad da muke tafiya.

Mu Hausawan ƙasar Sudan 'ya'yan matafiya ne. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da ƙafa, sun nufi Makka, suna yada zango suna noma domin su sami guzuri. Waɗansu sun biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Kogin Nilu. Waɗansu kuwa suka iso ƙasar Gadarif, inda dawa da riɗi suke yi. Bisharar da muka karɓa ita ma da ƙafa ta zo. A 1893 Gowans da Kent da Bingham suka sauka Ikko, suna neman hanyar shiga ƙasar Hausa. Gowans da Kent suka rasu a 1894, ba su ga amfanin wahalarsu ba. Amma a 1902 aka kafa tasha a Patigi, a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, a 1937 kuma mishan ta SIM ta fara aiki a nan Sudan.

Ku tuna da Filibus cikin Ayyukan Manzanni sura 8. A kan hanyar hamada ya tarar da ma'ajin Kandakatu yana karatu cikin karusarsa, ya buɗe masa Nassi, ya yi masa baftisma. Mulkin sarauniyan nan a Marawi yake, cikin ƙasarmu. Da Filibus ya zauna a gida, da mutumin ya koma da littafi a hannu ba tare da ganewa ba.

To, yaya za mu yi? In ka fita zuwa gona, ka roƙi Allah ruwan sama domin gonarka da ta maƙwabcinka. In ka wuce ƙofar gidan da ake jinya, ka ambaci mai ciwon a zuciyarka, sa'an nan ka tsaya ka yi sannu. In ka bi ta kasuwa, ka roƙa wa masu awo gaskiya. Kada a yi shi da ganga ko ɗaga murya, gama cikin Matiyu sura 6 Ubangiji ya tsauta wa masu addu'a a kan titi domin mutane su gan su. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa, mu gaishe su da ladabi, mu nemi alherinsu a gaban Allah.

Ku fastoci, an kira ku kiwo, makiyayi kuwa ba ya kiwo daga zaune. Ku san gidan kowane ɗan ikilisiya, ku san wanda ya daina zuwa sujada da dalilinsa. Ku jama'a kuma, kada ku bar wa fasto wannan kaya shi kaɗai. Ku fita biyu biyu, kamar yadda Ubangiji ya aiki almajiransa.

Bukata tana ƙofarmu. A 2020 'yan gudun hijira daga Tigre ta Habasha suka cika sansanin Um Rakuba kusa da mu. Yaƙin da ya tashi a Hartum a Afrilu 2023 kuma ya koro dubban mutane zuwa Gadarif. Wanda ya yi wa baƙo addu'a a hanya, in ya koma gida sai ya auna masa dawa, gama addu'ar da ba ta buɗe rumbu ba, ba ta gama aikinta ba.

Allah ya ba mu ƙafafu masu tafiya da zukata masu roƙo, har mu ga wata jubili. Amin.